LISSAFIN RIƘON LINZAMI: DAGA INJIN NIƘA NA KAELE ZUWA ƘOFOFIN LAGDO

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Kaele, ko Garwa, ko Marwa, ya san wannan ƙarar. Yarinya ta juye kwanon dawa a bakin inji, sai muryar injin ta dusashe kamar zai mutu, kafin ƙiftawar ido kuma ya farfaɗo ya koma gudunsa, alhali mai injin yana can yana ƙirga canji, bai taɓa komai ba. A cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyaya guda biyu da ke juyawa tare da shi, wanda makanikai ke ce wa gwamna. In gudu ya ragu, nauyayan su matso juna su buɗe hanyar mai. In gudu ya yi yawa, su baje su rage man. Wato injin yana auna kansa, yana gyara kansa.

Mun kawo wannan misali ne domin a kan irin wannan ɗan ƙarfe aka gina wani babban fanni na lissafi, wanda a makarantunmu masu karatu da Faransanci ake kira otomatik. Mu a nan za mu kira shi lissafin riƙon linzami. Yana da ɗan'uwa da ba sa rabuwa, shi ne lissafin abubuwa masu sauyawa da lokaci, kamar tafki da ke cika yana ƙafewa, da ƙwari masu hayayyafa, da cuta mai yaɗuwa, da farashi mai hawa da sauka. Ɗan'uwan yana tambaya ne, in an bar abu da halinsa ina zai dosa? Shi kuwa riƙon linzami tambayarsa ita ce, in muna da hannu a ciki, yaushe za mu ja, kuma da wane ƙarfi?

An daɗe ana ɗaukar wannan ilimi na masu injuna ne da jiragen sama kurum. Yanzu ya shiga aikin ruwa da noma da kiwo da kiwon lafiya, kuma wasu daga cikin wuraren da ake gwada shi suna nan arewacin Kamaru inda muke zaune. Wutar da muke sha a Kaele, da audugar da ake aunawa a ƙauyukanmu, da ruwan da kan ci gidajen danginmu a Yola, duk suna rataye da shi, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayaninsa.

GYARAN DA YA ZO A MAKARE

A shekarar 1788 ne James Watt ya ɗaura gwamna a kan injinsa mai aiki da tururi a Ingila. Da injunan suka yawaita, sai aka lura wasu ba sa tsayawa a gudu ɗaya. Su yi sauri, gwamna ya rage, su yi sanyi fiye da kima, gwamna ya ƙara, su sake zarcewa, haka za a yi ta yi har wani lokaci injin ya lalata kansa. A 1868 masanin nan James Clerk Maxwell ya zauna ya rubuta lissafin da ke nuna lokacin da wannan lilo zai kwanta da kuma lokacin da zai yi ta ƙaruwa. Abin da aka gane daga nan duk mahayin doki ya san shi: in ka ja linzami a makare, ka kuma ja da ƙarfi, dokin zai karkata ɗaya gefen fiye da yadda ka so, kai kuma ka sake ja, daga nan sai ku yi ta kai-kawo a hanya.

'Yan kasuwarmu na albasa sun san wannan lilo ko da ba su san sunansa ba. Bana buhu ya yi tsada, kowa ya ruga ya shuka, amma albasa ba ta nuna ranar da aka dasa ta. Bayan watanni duk ta fito lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, baɗi manoma su guje ta, ta sake tsada. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu, kowa ya bi labarin da ya samu ne, sai dai labarin ya tsufa kafin amfanin gona ya iso kasuwa. Masana tattalin arziki sun rubuta lissafin wannan tun shekarun 1930.

A 1892 wani ɗan Rasha, Aleksandr Lyapunov, ya fito da hanyar gane ko abu zai koma mazauninsa bayan an girgiza shi. Mai karatu ya ɗauki ƙwallon goruba ya sa a cikin ƙwarya. Duk yadda ya tura shi, zai gangaro ya koma tsakiya. In ya kife ƙwaryar ya ɗora ƙwallon a bayanta, ɗan taɓawa kaɗan ya isa ya tafi ba dawowa. Tambayar da masana ke yi wa tafki ko fadama ko annoba ke nan: a cikin ƙwarya take, ko a bayanta? Daga baya, a 1948, Norbert Wiener na Amurka, wanda ya yi aiki tare da wani likita ɗan Meziko mai suna Arturo Rosenblueth, ya nuna cewa dokar da ke riƙe gudun inji ita ce ke riƙe zafin jikin ɗan Adam da motsin hannunsa. Tun daga nan masu lissafi suka fara zama teburi ɗaya da likitoci da masanan halittu.

LAGDO: ƘOFA ƊAYA, BUƘATA UKU

Babu inda wannan ilimi ya fi shafarmu kamar madatsar ruwa ta Lagdo, wadda ke kan kogin Binuwai kimanin kilomita 50 daga Garwa. Injiniyoyin Sin ne suka gina ta tare da ma'aikatan Kamaru daga 1977 zuwa 1982. Tana da injunan wuta huɗu masu ba da megawat 72 gaba ɗaya, an kuma tsara tafkinta ya ɗauki ruwa sama da mita kubik biliyan 7, ko da yake lakar da ruwa ke kwasowa kowace damina ta cinye wani ɓangare na wannan wuri. Shekara da shekaru ita ce uwar wutar lantarkin jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin mai kula da ƙofofin nan a tsakiyar watan Agusta. Buƙata ta farko tana ce masa ya tare ruwa iyakar iyawarsa, domin ruwan da ya tara yanzu shi ne wutar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke gasa Garwa da Kaele. Ta biyu tana ce masa ya bar wuri a tafki, domin in ruwan Satumba ya zo da ƙarfi ya tarar da shi cike, dole a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, ko kuwa bangon kansa ya shiga haɗari. Ta uku kuma ta manoman rani ce da masunta, na sama da na ƙasa, kowa da gwargwadon ruwan da yake so. Zai yanke hukunci yau, a kan ruwan da bai sauka ba tukuna.

Mun ga abin da kan faru ta kowane gefe. A 2012 an buɗe ƙofofin a lokacin da kogunan yankin suka riga suka cika. Ruwa ya ci gidaje da gonaki a kwarin Binuwai nan Kamaru, a Najeriya kuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta ce mutum 363 suka rasu a ambaliyar shekarar, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu a can sun haura 600. A 2021 kuwa matsalar ta zo ta ɗaya gefen, tafkin ya yi ƙasa ƙwarai, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa a duk arewa. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara da teloli ba su manta ba. Wannan ƙarancin yana cikin dalilan da suka sa aka kafa tashoshin wuta mai aiki da hasken rana a Marwa da Gider, waɗanda aka fara da megawat 30 a haɗe.

A nan ya kamata mu yi adalci, domin sau da yawa akan ɗora wa Lagdo laifin kowane ɗigon ruwa da ya shiga Yola ko Makurɗi. Mayo Kebbi, wanda ke kwaso ruwan Mayo Luti daga duwatsun Mandara, yana shiga Binuwai ne a ƙasan madatsar, kafin Garwa. Faro yana shiga bayan Garwa. A cikin Najeriya ga Gongola, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala, kuma babu ɗaya a cikinsu da ƙofar Lagdo ke iko da shi. Haka nan madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ginawa a jihar Adamawa ta Najeriya domin ta tare ruwan da ke gangarowa, shekaru sun shuɗe ba a kammala ta ba. Saboda haka abin da ya rage wa mai ƙofa shi ne ya zaɓi lokaci, kada ruwan da ya saki ya iso Garwa ko Yola rana ɗaya da tumbatsar sauran kogunan.

To, a nan ne lissafin ya shigo. Tun 1946 wani injiniya Bafaranshe, Pierre Massé, ya rubuta yadda ake ƙimanta ruwan da aka ajiye domin gobe a kan ruwan da aka sake yau. A 1951 Harold Hurst, wanda ya shafe rayuwarsa yana auna kogin Nilu, ya nuna cewa shekarun fari sukan zo a jere, na yalwa ma haka, abin da masana suka sa wa suna daga ƙissar Annabi Yusuf. Ma'anarsa ita ce mai tafki ba zai ce bara an yi fari, bana dole a yi ruwa ba. A 1960 kuma Rudolf Kalman ya fito da hanyar haɗa awo mai kuskure da hasashe mai kuskure a fitar da ƙiyasi da ya fi kowannensu inganci, hanyar da aka yi amfani da ita wajen kai mutane duniyar wata. A manyan madatsun duniya na zamani, dabarar da ake bi ita ce a tsara buɗin ƙofa na kwanaki masu zuwa bisa hasashen ruwan sama, a aiwatar da na yau kaɗai, gobe a sake awo a sake tsari.

Amma mai lissafi ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Yana buƙatar masanin yanayi ya gaya masa ruwan da ake sa rai, irin hasashen da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke fitarwa kafin kowace damina. Yana buƙatar masanin koguna ya gaya masa awa nawa ruwa ke yi daga ƙasar Rey Buba zuwa tafki, da daga tafki zuwa gadar Garwa. Yana buƙatar masanin ƙasa ya auna lakar da ta taru. Yana kuma buƙatar wanda ya san jama'a, ya gaya masa kwana nawa magidanci ke buƙata ya kwashe iyalinsa da hatsinsa da awakinsa, da kuma bakin wanda mutanen ƙauye ke yarda da shi in an ce a tashi. A Satumban 2024 hukumar kula da koguna ta Najeriya ta ba da sanarwa tun da wuri cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da mita kubik 100 a daƙiƙa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali zuwa 1,000 cikin mako guda. Mai karatu ya lissafa: 1,000 a daƙiƙa ya kai miliyan 86 a yini ɗaya. Bambancin sakin wannan ruwa dare ɗaya ba sanarwa da sakinsa mataki-mataki da sanarwa, bambancin rai da mutuwa ne ga wanda ke kwana a bakin kogi.

MAGA: ƘWARYAR DA TA KIFE

In Lagdo ta koya mana muhimmancin lokaci, Maga ta koya mana cewa ba kowane abu ke komawa mazauninsa da sauƙi ba. A 1979 aka gina bangon ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 27 a Maga, tare da ganuwa a gefen kogin Logon, domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. An samu shinkafar. Amma a arewacin bangon akwai babbar fadamar nan da Fulani ke kira yayre, wadda ruwan Logon ke mamayewa kowace shekara. Ruwan ya ragu, ga shi kuma abin ya haɗu da farin shekarun 1980. Ciyayi masu saiwa mai daɗewa, irin su jema da shinkafar daji, suka mutu a wurare masu faɗi, ciyawar shekara ɗaya wadda ba ta riƙe dabba da rani ta maye gurbinsu. Kifi ya ragu, makiyaya suka ƙaura, namun dajin Waza suka tagayyara.

A 1994, ƙarƙashin wani shiri na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da ganuwar ta toshe, mai suna Karamin Goroma, ruwa ya koma kan fili kimanin murabba'in kilomita 200. Abin sha'awa a nan shi ne yadda aka yi aikin. An buɗe kaɗan, aka sa masanan tsirrai da na kifi da na tsuntsaye da na zamantakewa su auna abin da ya biyo baya, sannan a 1997 aka buɗe wata hanyar. Ja kaɗan, duba, sake ja, wannan shi ne riƙon linzami. Abin da awon ya nuna kuwa shi ne ruwa ya dawo a damina ɗaya, amma ciyayin sun ɗauki shekaru, jema ma ta fi kowa nawa. Ɓarna ta zo da gudu, gyara ya zo da rarrafe.

Daga baya masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Marwa, sun yi shekaru suna nazarin wannan fadama. Cikinsu akwai masanan al'adu, da na ruwa, da na kifi, da masu kwamfuta. Sun bi diddigin dubban magudanan da masunta ke haƙawa domin kamun kifi, suna tambaya ko akwai adadin da in an wuce shi fadamar za ta riƙa tsanewa da wuri har ta sauya hali. Sun kuma bi garkunan makiyaya, suka gano cewa ko da yake babu shinge ba mai rabon fili, makiyayan kan rarrabu daidai da yawan ciyawar kowane wuri, domin kowa yana sauraron labarin inda abinci yake da inda aka yi cunkoso. Wato tsarin yana da gwamnansa, kuma gwamnan shi ne 'yancin tafiya da saurin labari. Duk wanda ya toshe burtali, ya cire wa injin ɗan ƙarfen nan ne.

AUDUGAR KAELE DA ƘIDAYAR TSUTSA

Mu dawo gida. Kaele tana cikin wuraren da noman auduga na zamani ya fara kafuwa a Kamaru, tun farkon shekarun 1950, lokacin da kamfanin Faransawa na CFDT ya kafa masana'antar gurzar auduga a garin. A 1974 SODECOTON, mai hedkwata a Garwa, ya gaje shi. Babban abokin gabar manomin auduga shi ne tsutsar da ke huda ƙwallon, kuma hanyar da aka saba yaƙarta ita ce feshi bisa kalanda, duk bayan kwana 14, ko akwai tsutsa ko babu. Wannan kamar direba ne da ya rufe ido yana juya sitiyari bisa agogo.

Tun 1959 masanan ƙwari a Kalifoniya suka kawo shawarar a riƙa feshi ne kawai in ƙwari sun kai adadin da ɓarnarsu za ta fi kuɗin magani. A farkon shekarun 1990 masu binciken noma na Kamaru da na CIRAD ta Faransa suka gwada wani salo na wannan a gonakin arewa: a rage maganin kalanda, a riƙa shiga gona ana duba tsirrai ana ƙirga tsutsa, sai ƙidaya ta wuce iyaka a ƙara magani. Kuɗi ya ragu, guba ta ragu. Sai dai duk tsarin ya dogara ne a kan mai ƙidayar. In ya yi kasala, ko ya zo bayan tsutsa ta shige cikin ƙwallo inda magani ba ya kai mata, gyaran ya zo a makare.

Akwai kuma wani lilo mai tsawon shekaru. Kowane feshi yana kashe tsutsa mai rauni ya bar mai juriya, ita kuma ta haifi irinta. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ganin maganin da aka fi dogara da shi yana rasa ƙarfi a ƙasashen auduga na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ita wannan tsutsa ba auduga kaɗai take ci ba, tana cin masara da tumatir da kuɓewa, saboda haka maganin da mai lambu ya fesa da rani yana shafar abin da manomin auduga zai tarar da damina. Wane magani za a yi amfani da shi a wane wata, yaushe za a hutar da shi, wannan tambaya ce ta masanin ƙwari da masanin gado da mai lissafi a tare. Irin wannan aiki ne wani rukunin haɗin gwiwa mai suna EPITAG, tsakanin cibiyar Inria ta Faransa da malaman jami'o'in Kamaru irin su Farfesa Samuel Bowong na Duwala, ya fara a 2017, a kan ƙwarin ayaba da koko da gahawa. Waɗannan amfanin gonar kudu ne. Auduga da dawa da masakwa da albasa suna jiran 'ya'yan arewa.

DARASIN GARKI

A fannin lafiya kuwa, ƙasar Hausa tana da suna a tarihin wannan ilimi. Tun 1911 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin zazzaɓin cizon sauro ya ɓace, ya isa a rage shi ƙasa da wani adadi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gwada abin a ƙauyukan Garki, a tsohuwar jihar Kano, yanzu Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an yi ta ɗibar jini ana dubawa, aka kuma gina samfurin lissafi da aka buga a 1974. Cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba a kai ta ƙarƙashin iyakar nan ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ƙwallon ya gangaro tsakiyar ƙwarya.

Darasin shi ne a yanki irin namu, inda sauro ke tashi da damina, linzamin ba na ja a saki ba ne. Shi ya sa tun 2016 ake bi gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara masu wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi kowane wata da damina. An lissafa tazarar ne bisa kwanakin da maganin ke yi a jini. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa. In ta ajiye shi, ko ta raba wa wani yaron, an bar ƙofa a buɗe daidai lokacin da cutar ta fi ƙarfi. A watan Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin wannan zazzaɓi cikin alluran yara na yau da kullum, ita ma tana da lokutanta da ba a so a tsallake.

INA MUKE A CIKI?

Jama'a, duk misalan nan abu ɗaya suke faɗa. Gyara yana bin awo, kuma awon da ya makara ko ya zo da ƙarya ya kan sa gyara ya zama ɓarna. Mai lissafi a Yawunde ko Faris ba shi da ido a Mayo Luti. Idonsa shi ne wanda ya karanta sandar awon kogi da asuba, da wanda ya zubar da kwalbar awon ruwan sama ya rubuta, da manomin da ya ƙirga tsutsa tsakani da Allah, da ma'aikaciyar asibiti da ta cika rajista daidai. Mu Hausawan Kamaru muna da wani abu da ya fi wannan: muna da dangi a Garwa, muna da su a Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, kuma labari yana tafiya tsakaninmu da waya cikin minti ɗaya. In an ba da sanarwar buɗe ƙofa, mu isar da ita yadda take, da ranarta da adadinta. Jita-jitar da ke cewa bango ya fashe alhali bai fashe ba, ita ce ke sa gobe a ƙi tashi lokacin da gaskiya ta zo.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A da, wanda yake son irin wannan karatu sai ya tafi Yawunde ko Turai. Yanzu Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar injiniyoyi a Marwa, tana kuma da makarantar ma'adinai da man fetur a nan Kaele, inda bututu da matatar mai ba sa aiki sai da irin wannan lissafi. A Ngaundere akwai ENSAI mai sashen lantarki da otomatik. A 2022 aka kafa Jami'ar Garwa. A Limbe akwai cibiyar lissafi ta AIMS tun 2013, mai ɗaukar ɗalibai daga ko'ina a Afirka. Makaranta ta zo har ƙofar gida, amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, yaranmu nawa ke kaiwa ajin ƙarshe na lise a ɓangaren lissafi da kimiyya? Nawa ne aka cire daga aji aka sa a shago saboda sun iya ƙirga canji da ka? Yaron da ya iya lissafin ribar buhu ɗari ba takarda, da yarinyar da ke riƙe wa uwarta asusun adashi ba kuskure, su ne ainihin waɗanda wannan fanni ke nema.

Ba muna cewa a bar kasuwa ba, kasuwa ce ta kawo kakanninmu ƙasar nan, ita ce kuma ke biyan kuɗin makaranta. Muna cewa ne a kowane gida a bar wa mai kan lissafi hanya, namiji ne ko mace, ya kai inda zai iya kaiwa. Za a ci gaba da yanke hukunci a kan ƙofofin Lagdo, da ganuwar Logon, da maganin da za a fesa a gonakin Kaele, ko muna wurin ko ba ma nan. Gara a ce cikin masu zama a teburin akwai wanda ya san unguwannin bakin kogi da sunayensu, wanda kuma zai iya bayyana wa tsohuwa da harshen da take ji dalilin da ya sa aka ce ta tashi yau, kada ta jira gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa da na fari, ya yi wa zuriyarmu buɗi. Amin.